Rautar gida da ta shago: tambayoyin da ake yawan yi a kan tsaronta

Na daɗe ina ɗaura wa jama'a waifai a Accra, daga gidajen haya na Nima da Maamobi zuwa shagunan buga takardu da ofisoshin sayar da tikitin jirgi a Sabon Zango da Madina. Kusan tambayoyi iri ɗaya nake ji kullum, yawanci bayan an riga an shiga matsala. Shi ya sa na tattara su a nan, daga masu sauƙi zuwa masu ɗan zurfi.

Mece ce rauta, kuma me ya sa za a damu da tsaronta alhali ba a ajiye komai a cikinta?

Rauta ita ce 'yar akwatin nan da ke karɓo intanet daga kamfanin sadarwa ta raba wa wayoyi da kwamfutocin gida. Ko TurboNet ce ta MTN, ko akwatin da Telecel ke kawowa tare da layin faiba, ko 'yar MiFi ta aljihu, ko TP-Link da aka sayo a Circle, duk aikinsu ɗaya ne. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne cewa ita ma kwamfuta ce ƙarama, da manhajarta a ciki, kuma manhaja duk inda take ba ta rasa kuskure.

Gaskiya ne hotunanka da takardunka ba a cikinta suke ba. Amma duk abin da zai fita daga wayarka zuwa duniya, da duk abin da zai shigo, ta wurinta yake bi, kamar zauren gida. Wanda ya samu ikon zauren ba sai ya shiga ɗakin kowa ba, ya ishe shi ya zauna ya ga mai shiga da mai fita, ya kuma nuna wa baƙo hanyar da ba ita ba.

Na sa kalmar sirri mai wuya a waifai ɗina. Wannan bai wadatar ba?

Bai wadatar ba, kuma a nan ne mafi yawanmu muke faɗuwa. Kalmar sirri biyu ce a kowace rauta. Ta farko ita ce ta waifai, wadda kake ba baƙo ya hau intanet. Ta biyu ita ce ta shafin gudanarwa, inda ake juya rautar kanta. Ana shiga wannan shafi ne ta hanyar rubuta lamba a burauza, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, a na'urorin Huawei kuma sau da yawa 192.168.8.1. Ta farkon kowa yana canzawa saboda kada maƙwabta su shanye masa data. Ta biyun kuwa ana barin ta yadda ta fito daga kamfani, kuma a tsofaffin na'urori da yawa kalmar ba ta wuce admin a sama, admin a ƙasa ba.

Akwai wani dattijo mai shagon buga takardu da ya kira ni saboda intanet ɗinsa yana jan ƙafa. Ya buɗe wani ɗan littafi da yake ajiyewa a aljihun tebur ya nuna mini kalmar waifai ɗinsa, doguwa, haruffa da lambobi a cakuɗe, ɗansa ne ya tsara masa. Na juya rautar, ƙura ta lulluɓe takardar da ke manne a gindinta, na goge da yatsa na karanta abin da ke rubuce, na buga a wayata. Shafin ya buɗe nan take. Ya dube ni ya ce, "Malam, ashe kowane yaro da ya zo buga takardar makaranta zai iya yin wannan?" Na ce masa, "Zai iya, Alhaji, matuƙar an ba shi waifai." Muka canza a wurin, ya rubuta sabuwar a shafi na gaba na littafin.

Don haka abu na farko shi ne a canza kalmar shafin gudanarwa, kuma kada ta zama daidai da ta waifai. Kada a sa lambar waya, ko sunan shago, ko ranar haihuwa. Kalmomi huɗu ko biyar na Hausa da ba su da alaƙa da juna, a haɗa su da lamba, sun fi gajeriyar kalma mai alamomi wuyar tsinkaya, sun kuma fi sauƙin tunawa. Matsalar ta yi girman da a Birtaniya aka yi doka, wadda ta fara aiki ranar 29 ga Afrilun 2024, da ta hana sayar da na'urorin intanet masu kalmar sirri ta gama-gari irin admin ko 12345.

Wa zai ɓata lokacinsa a kan rautar talaka a Nima?

Babu wanda ya zauna ya zaɓe ka. Manhajoji ne ke zagaya intanet dare da rana suna ƙwanƙwasa kowane adireshi, duk wanda suka samu a buɗe su shige, ba ruwansu da Accra ne ko Landan. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Misalin da ya fi shahara shi ne Mirai a 2016. Abin da take ɗauke da shi kawai jerin sunaye da kalmomin sirri na kamfani ne, sittin da 'yan kai, tana gwada su a kan rautoci da kyamarorin tsaro. Da haka ta tara dubban ɗaruruwan na'urori ta mai da su runduna. Ranar 21 ga Oktoban 2016 aka saki wannan runduna a kan kamfanin Dyn na Amurka, wanda manyan shafuka suka dogara da shi don a iya samunsu, shafuka irin su Twitter da Netflix suka daina buɗewa ga miliyoyin mutane na tsawon sa'o'i.

Mu a Yammacin Afirka labarin ya zo mana kusa. A shekarar ce wani Baturen Ingila mai suna Daniel Kaye ya yi amfani da wani reshe na Mirai wajen kai hari a kan kamfanin sadarwa na Lonestar a Laberiya, bayan wani ma'aikacin kamfanin da ke gogayya da shi ya biya shi. Garin ƙara wa rundunarsa yawa ne ya durƙusar da rautoci kusan 900,000 na masu amfani da Deutsche Telekom a Jamus a watan Nuwamban 2016. Wata kotu a Landan ta ɗaure shi shekara 2 da wata 8 a Janairun 2019. Masu na'urorin da aka yi aikin da su ba su san komai ba. Da datarsu da wutarsu aka yi ɓarna, da adireshinsu kuma.

Idan suka shiga, za su iya kwashe mini kuɗin MoMo ko na banki?

A rarrabe abu biyu. Idan kana danna *170# don tura kuɗi, wannan ta hanyar layin waya yake bi, bai ratsa rauta ba, kuma kutsen rauta ba ya taɓa shi. Masu damfarar MoMo har gobe kiran waya da daɗin baki ne makaminsu. Amma idan kana shiga banki ko imel ta burauza a kan waifai, akwai hanya ɗaya da ya kamata ka sani.

Rauta ce ke gaya wa wayarka inda kowane shafi yake, ta wani tsari da ake kira DNS, wanda ke juya suna zuwa adireshi kamar littafin lambobin waya. Wanda ya kama rautar yana iya musanya littafin da nasa. Ka rubuta sunan bankinka daidai, a kai ka shafin jabu mai kama da shi sak, ka zuba sunanka da kalmar sirrinka da hannunka. An yi wannan a Brazil a 2018 da wata manhaja da aka raɗa wa GhostDNS, wadda ta canza saitin rautoci sama da 100,000. Kariyar da ta rage maka a irin wannan hali ita ce gargaɗin burauza. Idan shafin da ka saba shiga ya fara nuna cewa haɗin ba amintacce ba ne, kada ka danna ci gaba. Kashe waifai, gwada da datar waya. Idan ya buɗe lafiya a can, to zargi ya koma kan rauta, sai a bi matakan da ke amsar ƙarshe.

Data tana ƙare mini da wuri. Alamar kutse ce?

Galibi a'a. Mafi yawan lokuta kalmar waifai ce ta yi yawo, domin wayoyin yanzu suna nuna ta a matsayin hoton lamba da wani zai ɗauka da kyamara cikin daƙiƙa biyu, ko kuma talabijin da kwamfutoci ne ke sauke sabuntawa cikin dare. Shiga shafin gudanarwa ka duba jerin na'urorin da ke haɗe. Ka ga baƙuwar waya, canza kalmar waifai. Abin da ya fi zama abin tsoro shi ne ka ga data tana tafiya alhali babu kowa a haɗe, ko kalmar shafin gudanarwa ta daina karɓar ka, ko ka tarar da lambobin DNS da ba kai ka sa ba.

Ana cewa a sabunta manhajar rauta. Yaya ake yi, kuma dole ne?

Dole ne, domin akwai ramukan da kalmar sirri ba ta toshewa. Wani lokaci kuskuren yana cikin manhajar ne, ta yadda mai kutse zai aiko da saƙo na musamman ya wuce ba tare da an tambaye shi komai ba. A ƙarshen 2022 an gano irin wannan a TP-Link Archer AX21, kamfanin ya fitar da gyara a 2023, kuma ba a jima ba masu Mirai suka fara farautar waɗanda ba su sabunta ba. Haka abin yake tafiya kullum: ranar da aka bayyana gyara, ranar ce ɓarayi suka san inda ramin yake.

A shafin gudanarwa, nemi inda aka rubuta Firmware ko Update. Sababbin na'urori suna dubawa da kansu, kuma idan akwai zaɓin sabuntawa kai tsaye a kunna shi. Tsofaffi sai an sauko da fayil daga shafin kamfanin da ya ƙera su, kuma a nan a kula da lambar samfuri da lambar bugu da ke gindin na'urar, domin V2 da V4 na samfuri ɗaya ba fayil ɗaya suke ci ba. Kada a karɓi fayil daga guruf na WhatsApp ko daga hannun wani.

Abu ɗaya da ya shafe mu musamman shi ne wuta. Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar sabuntawa, rautar tana iya mutuwa murus. Ni kaina na yi asarar guda ɗaya haka a wani ofishi, sandar da ke nuna ci gaban aiki ta kai rabi sai fanka ta tsaya, na biya daga aljihuna. Tun daga ranar ba na fara wannan aiki sai na jona rautar a UPS (batirin da ke riƙe wuta idan an ɗauke) ko infata. Mai MiFi kuma ya tabbata batirinsa a cike yake.

Na ga rauta ta hannu mai araha a Tip Toe Lane, kasuwar wayoyi ta Circle. In saya?

Kafin a ciro sidi ko ɗaya, a ɗauki lambar samfurin a duba shafin kamfanin, a ga yaushe aka fitar da sabuntawa ta ƙarshe. Kamfanoni suna daina kula da na'ura bayan wasu shekaru, kuma daga lokacin duk ramin da aka gano a cikinta a buɗe zai zauna har abada. Yawancin rautocin hannu da ake shigowa da su daga Turai da Amurka dalilin zubar da su ke nan. Fitilunta na ci, waifai yana kamawa, amma ba mai gyara ta. A Janairun 2024 hukumomin Amurka sun sanar da tarwatsa wata runduna da aka gina da ɗaruruwan rautocin gida da ƙananan ofisoshi, mafi yawansu Cisco da Netgear ne da kamfanoninsu suka daina tallafa wa.

Sai kuma maganar dikodin, wato buɗe rautar wani kamfani don ta karɓi kowane sim. Idan da lambar buɗewa kawai aka yi, da sauƙi. Amma sau da yawa manhajar ciki ake gogewa a ɗora wata da ba a san wanda ya haɗa ta ba, kuma bayan haka sabuntawar kamfani ba ta ƙara shiga. Ra'ayina shi ne irin wannan ba ta dace da shagon da ake karɓar fasfo da takardun mutane ba. Wadda aka saya a hannu kuma, ko mai kyau ce, a mayar da ita saitin kamfani kafin a fara aiki da ita.

Maɓallin WPS da ke bayan rauta na mene ne?

An yi shi ne don a haɗa na'ura ba tare da rubuta kalmar sirri ba, ko ta danna maɓallin ko ta wata lambar sirri mai lambobi takwas. A Disambar 2011 wani mai bincike, Stefan Viehböck, ya nuna cewa rauta tana duba lambar ne rabi-rabi, ta ƙarshen kuma lissafi ce kawai ta sauran. Maimakon gwaji miliyan ɗari sai ya zama gwaji 11,000 ya isa, aikin 'yan sa'o'i ga wanda ke zaune a bencin ƙofar gida da kwamfutarsa. Idan lambar ta faɗo, rautar da kanta za ta miƙa kalmar waifai komai tsawonta. A kashe WPS a shafin gudanarwa, babu abin da za a rasa.

WEP, WPA2, WPA3: wanne zan zaɓa? Ɓoye sunan waifai yana taimakawa?

Duka ukun tsare-tsaren kulle waifai ne. WEP an karya shi tun 2001, rautar da ba ta da wani zaɓi sai shi ta gama aiki. WPA2 tare da AES har yanzu yana da ƙarfi idan kalmar doguwa ce. A 2017 Mathy Vanhoef na jami'ar Leuven a Beljiyam ya gano rauni a cikinsa da aka sa wa suna KRACK, amma an toshe shi da sabuntawa, mafi yawa a ɓangaren wayoyi da kwamfutoci. WPA3, wanda aka fitar a 2018, shi ne mafi kyau. Idan akwai tsofaffin wayoyi a gidan da ba sa gane shi, a zaɓi haɗin WPA2 da WPA3.

Ɓoye suna kuwa yana hana maƙwabci yawan roƙo ne kawai. Mai kayan aiki yana ganin waifai ɗin ko da suna ko babu.

Mai ɗaura kyamara ya ce sai an buɗe hanya a rauta kafin in kalli shagona daga gida. Akwai haɗari?

Akwai. Buɗe hanya yana nufin an huda rautar ta yadda wanda ke waje zai iso ga na'urar da ke ciki kai tsaye. Kai kana ganin shagonka, manhajojin da na ambata a amsa ta uku su ma suna ganin ƙofar, kuma akwatunan ɗaukar bidiyon kyamara suna cikin abin da Mirai ta fi ci. Idan ba makawa, a canza kalmar sirrin akwatin kyamarar a gabanka, kai ka rubuta ta, ba mai ɗaurawa ba. A sabunta manhajarsa. Inda hali ya yi, a yi amfani da VPN na rautar, wato kulallen haɗi daga wayarka zuwa gare ta, a maimakon huda ta.

A daidai wannan wuri akwai saiti biyu da ya kamata a duba. Remote Management yana ba da damar shiga shafin gudanarwa daga ko'ina a duniya, kuma gida ko ƙaramin shago ba ya buƙatarsa. UPnP yana barin kowace na'ura ta buɗe wa kanta hanya ba tare da ta tambaye ka ba. A kashe duka biyun. Idan na'urar wasan yara ta fara gardama bayan an kashe UPnP, sai a buɗe mata hanyarta ita kaɗai.

Gidan haya ne, ɗaki goma muna raba waifai ɗaya. Yaya za mu yi?

Mutum ɗaya amintacce ya riƙe kalmar shafin gudanarwa, sauran a ba su ta waifai kawai. Duk lokacin da wani ya tashi daga gidan a canza ta. A kunna zaɓin da ke hana na'urori ganin juna, wanda ake rubutawa AP Isolation, don kada wayar da ta kamu da cuta a ɗaki ɗaya ta leƙa kwamfutar ɗaki na gaba. A shago ko ofis, a buɗe waifai na baƙi daban ga kwastomomi, kwamfutar aiki da firinta da kyamara su zauna a nasu.

Ina sayar da waifai ta tikiti da MikroTik. Akwai abin da ya shafe ni daban?

Kai ne ka fi kowa buƙatar kula, ɗan'uwa, domin amanar mutane da yawa tana ratsa na'urarka. Rautocin MikroTik, na ƙasar Latbiya, kaya ne masu ƙarfi, amma tsofaffin samfuransu suna fitowa da suna admin babu kalmar sirri sam. A Afrilun 2018 kamfanin ya toshe wani rami a Winbox, manhajar da ake gudanar da na'urar da ita ta ƙofa mai lamba 8291, wanda ke barin baƙo ya karanta fayil ɗin sunaye da kalmomin sirri. Gyaran ya zo a bugu na 6.42.1 na RouterOS, manhajar cikin na'urar. Duk da haka bayan wata huɗu an samu rautoci wajen 200,000, da yawansu a Brazil, da aka cusa musu manhajar haƙar kuɗin kirifto, saboda masu su ba su sabunta ba.

Abin lura a nan shi ne sabuntawa kaɗai ba ta wanke na'urar da aka riga aka shiga. Kalmar da aka sace tana nan a hannunsu. Bayan sabuntawa a canza duk kalmomin sirri, a duba jerin masu amfani, a leƙa Scheduler da Scripts a ga ko akwai abin da ba kai ka rubuta ba, a duba ko an kunna SOCKS a ɓoye. A rufe Telnet da FTP da duk hidimar da ba a aiki da ita, a taƙaita Winbox ga kwamfutarka, kada masu sayen tikiti su iya isa gare shi.

Rautar daga kamfanin sadarwa na karɓa. Ba su ne ke da alhakin tsaronta ba?

Rabi nasu ne, rabi naka. Manhajar ciki galibi su ne ke turo sabuntawarta daga nesa, kai ba ka da iko a kai. Kalmomin sirri biyu, WPS da waɗanda kake bari su hau, waɗannan a wuyanka suke. Idan akwatin ya shekara biyar ko fiye, je ofishinsu ka tambaya ko har yanzu suna tallafa masa.

Ina zargin an riga an shiga. Kashewa da kunnawa ya isa? Wa zan kai wa ƙara?

Wani lokaci yana korar cutar, domin irin su Mirai a ƙwaƙwalwar wucin gadi suke zama, amma idan ramin yana nan za su dawo cikin mintuna. Wasu kuma ba sa fita. A Mayun 2018 masu binciken Cisco Talos sun bayyana VPNFilter, wadda ta kama na'urori aƙalla 500,000 a ƙasashe 54, ciki har da Linksys, MikroTik, Netgear da TP-Link. Hukumar FBI ta Amurka ta nemi jama'a su kashe rautocinsu su kunna, amma wannan sassan sama kawai yake gogewa, tushenta yana nan daram.

Ga yadda nake yi. In cire sim ko igiyar intanet tukuna. In sa tsinken ashana ko allura a ɗan ramin da aka rubuta Reset, in danne na daƙiƙa goma zuwa goma sha biyar har fitilu su ɗauke su dawo. In shiga shafin gudanarwa in sa sabuwar kalma kafin in mayar da intanet, sannan in sabunta manhaja, in kashe WPS, UPnP da Remote Management, in sa sabuwar kalmar waifai. Mai layin faiba ya fara samun bayanan haɗinsa daga kamfani kafin ya danna, domin su ma za su goge. Bayan haka a canza kalmomin imel, Facebook da banki, ta datar waya. Idan na duba na ga kamfanin ya daina fitar wa samfurin sabuntawa, ba na mayar da ita bakin aiki.

Idan an yi asarar kuɗi, a fara kiran banki ko kamfanin MoMo su dakatar da asusun. Sannan a sanar da Hukumar Tsaron Intanet ta Ghana, wadda aka kafa a ƙarƙashin dokar 2020 mai lamba 1038, ta hanyar kira ko tura saƙo zuwa 292. Kafin a danna Reset a ɗauki hoton shafin DNS da jerin na'urorin da ke haɗe, domin da zarar an danna shaidar ta tafi.